Munzali Mai Bin Jiniya

A unguwar Nakkasa, ba nisa da Harami, aka haifi Munzali, a wani gida mai ɗaki biyu can saman dutse, inda mota ba ta zuwa sai mutum ya taka matakala har gwiwarsa ta yi kuka. Mahaifinsa mutumin Damagaram ne, ya biyo ta Chadi da Sudan ya zo aikin Hajji, bai koma ba. Munzali ya tashi da Hausa a gida, Larabci a waje, ya koyi gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Da wannan sana'a ya auri Dalal, suka haifi 'yarsu Basma.

Yana da shekara ashirin da bakwai ya sayi kwalin tarkacen wayoyi a kasuwar gwanjo. A ƙasan kwalin akwai wata baƙar rediyo mai dogon eriya, murfinta a fashe. Ya yi kwana uku yana taɓa ta har ta kama. Ba waƙa ya ji ba, ba labarai ba. Muryar wani namiji ce, a gajarce, yana cewa gobara ta tashi a gidan burodi, motoci biyu su tafi. Munzali ya hau rufin gida ya duba. Can nesa ga hayaƙin yana miƙewa, unguwa kuwa kowa yana harkarsa, ba wanda ya sani sai shi.

Tun daga ranar abin ya shiga jininsa. Ya san ba a yarda mutum ya riƙe irin wannan rediyo ba, saboda haka ya ɓoye ta a cikin gangar jikin wani mataccen mukayyif. In ya dawo daga aiki sai ya ciro ta, ya zauna da shayinsa yana sauraron 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti. Har ya haddace muryoyinsu. Akwai wanda ya sa wa suna Mai Tari, akwai wanda ba ya buɗe baki sai ya yi bisimilla. Bai taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba.

Dalal ba ta son abin. "Abu Basma, mutane suna ƙonewa kai kana kurɓar shayi," ta ce masa wata rana.

Bai musa ba. Ya san yana jin wani irin daɗi in ya riga kowa sani, kuma yana jin kunyar wannan daɗin.

Amma unguwa ta samu amfaninsa. A Nakkasa mutane da yawa ba su da iƙama, takardar izinin zama, kuma marar iƙama ba ya zuwa ofis ya tambayi inda ɗan'uwansa yake. In mutum ya fita aiki bai dawo ba, ƙofar Munzali ake ƙwanƙwasawa. Shi kuma sai ya ce, "Da hantsi an ɗauki wani baƙin mutum daga wurin gini a Aziziyya. Ƙafa ce ta karye, amma yana magana." Ko kuma ya kalli ƙasa, mai tambaya ya gane. Shekara kusan ashirin ana haka.

Sai aka zo rusau. Aka shafa jan fenti a bangayen unguwa, maƙwabta suka watse, wasu Jidda, wasu bayan gari, wasu aka mayar da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Munzali yana da takardunsa, ya samu haya a unguwar Zahir. Bai cika wata shida a can ba, wata safiya ya kunna rediyo, sai shuuu kawai. Ya canza batir, ya canza eriya, ya kwance ta sau uku ya mayar. Wani tsohon direban motar asibiti da yake gyara wa mukayyif ne ya faɗa masa gaskiya.

"Ya akhi, khalas, an gama, ɗan'uwa. Sabon tsari ne, an kulle maganar. Ko wace rediyo ka saya, ba abin da za ka ji."

Da wani ne da ya haƙura. Munzali sai ya koma ga kunnensa. Bayan la'asar yakan hau rufi ya tsaya, ya bambance kukan motar kashe gobara da na motar asibiti, ya ƙiyasta inda suka nufa, ya sauko ya hau babur. Ya shiga wani zaure na WhatsApp na direbobin tasi da masu kai saƙo, inda kowa yake faɗin abin da ya gani a hanya, rabi gaskiya rabi ji-ta-ji-ta. Galibi in ya isa an gama komai. Kwalta a jiƙe, gilashi a warwatse, takalmi ƙafa ɗaya a gefen titi. Ba ya ɗaukar hoto, don an hana. Sai ya tsaya ya tambayi mai shagon kusa, mutum nawa ne, sun rayu? Masu kiransa gyara suka fara gajiya da jira, suna neman wani.

Shekarar da aka yi Hajji cikin matsanancin zafi, ranar Sallah da azahar, aka buga ƙofarsa. Shatu ce, matar Mukhtaru, tsohon maƙwabcinsu na Nakkasa, wani Bagobiri mai tsage a kumatu. Kowace shekara Mukhtaru yakan samu aikin kwana uku a Arfa, a wani kicin da ke dafa wa alhazai shinkafa. Shi da matarsa duk ba su da iƙama.

"Yaya Munzali, tun jiya da safe wayarsa a kashe. Ka ji wani abu?"

"Shatu, ai yanzu ba na ji. Sun kulle."

"Kai fa kullum kana ji," ta ce. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi shiga, ta ƙi karɓar ruwan da Dalal ta miƙo mata.

Munzali ya karɓi hoton Mukhtaru ya fita. Mai kicin ya ce bayan azahar ranar Arfa an aiki Mukhtaru da tiren abinci, bai dawo ba. Wani abokin aikinsa ɗan Burma ya ce ya gan shi zaune a jikin wani tanti ya riƙe kai, bai san abin da ya biyo baya ba. Wayarsa tana nan a kicin, caji ya ƙare, ba takarda ko ɗaya a aljihunsa.

Sai Munzali ya shiga bin asibitoci. A kowanne akwai layin masu cigiya, Masarawa, 'yan Pakistan, Turkawa, kowa riƙe da hoto. In ya kai gaban tebur ya faɗi sunan, a duba na'ura, a ce babu. Zafi yana tashi daga kwalta har tafin ƙafarsa yana ƙuna ta cikin takalmi. Kullum da yamma Shatu tana zuwa, ta dubi fuskarsa, ta juya.

A kwana na tara wani ma'aikaci ya ce masa ya daina tambaya da suna, ya je ofishin da ake ajiye hotunan gawarwakin da ba a san su ba. Aka zaunar da shi gaban allo, ana wuce fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi, mata, wani saurayi da bakinsa a buɗe. Shekarunsa nawa yana jin labarin mutuwa ta rediyo, bai taɓa kallon ta haka a jere ba. A hoto na talatin da wani abu ya ga tsagen.

Ma'aikacin ya karanto masa takardar. Motar asibiti ta ɗauke shi a Arfa da ƙarfe biyu saura, zafin rana ya buge shi, ba ya magana. An kwantar da shi, ya yi kwana huɗu da rai, sannan ya cika. Munzali ya tambayi wane asibiti, aka faɗa masa. Shi ne na biyu da ya je, washegarin Sallah. Ya tsaya a ƙasa yana faɗin suna, Mukhtaru yana hawa na uku yana numfashi, an rubuta masa majhul, wanda ba a sani ba.

Shi ya tsaya a matsayin shaida, don Shatu ba za ta iya shiga ofis ba. Aka yi wa Mukhtaru sallah a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabarta. Mutum shida ne daga tsohuwar unguwa suka samu zuwa.

Da ya dawo, Shatu tana ɗakin Dalal. Ta ce, "Na haɗa ka da Allah, nan take ya rasu?"

Munzali ya so ya ce e. Amma ta haɗa shi da Allah, sai ya faɗa mata kwana huɗun. Bai faɗa mata ya je asibitin ba, ita ce ta tambaya, ya amsa. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya saka da alheri," ta fita. Da ta gama takaba ta koma wurin wanta a Jidda, ba ta yi musu sallama ba.

Ya daɗe yana juya maganar a ransa. Da rediyon tana aiki, da ya ji? Ranar Arfa kira ɗaruruwa ne, wataƙila da bai tantance ba. Wataƙila kuma da ya tantance.

Yanzu shekarunsa hamsin da huɗu, gwiwa ta fara hana shi hawa babur, amma in jiniya ta wuce har yau sai ya ajiye cokali. Da Hajjin bana ya gabato, ya sa Basma ta yanka masa ƙananan katuna, ya bi mutanen Nakkasa da ya san za su tafi aikin Arfa, yana rubuta wa kowa sunansa da lambar wayar Munzali, ya ce a sa a aljihu. Wasu suka ce in aka kama su da katin, shi ma za a jawo masa fitina. Wasu suka ce ba sa son abin da zai nuna ko su wane ne. An yanka arba'in, mutum goma sha bakwai suka karɓa. Ɗaya daga cikinsu ya jira Munzali ya juya baya, ya jefa nasa a kwata.