Baban Maren a Gidan Mai Yake Zaune

Jawo kujerar nan kusa da murhu, ga kofi da zafinsa, ka zauna in ba ka labarin ɗaya daga cikin yarana. Na ce yarana, amma fa ban haife su ba. Tun rasuwar maigidana nake ba matuƙan jirgi hayar gado a gidana, tafiyar minti goma daga filin jirgin Minneapolis. Gadaje shida ne masu hawa biyu a ɗakin ƙasa, wanda ya riga zuwa ya kwanta. Gwaggo Lorraine suke kirana, har masu furfura a cikinsu.

Leland Rustad ya zo mini a farkon watan Afrilu, dogo siriri, mai kunya kamar sabon ango. Ya samu aikin mataimakin matuƙi a wani ƙaramin kamfani, irin masu kwasar mutum hamsin su kai su ƙananan garuruwa. In ka gan shi da hula da igiya uku a kafaɗa, yana jan akwati, sai ka rantse shi ke da filin. Ni kuwa da nake ganin abin da ke cikin akwatin na san gaskiya: burodi ne, da kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da ayabar da ya ɗebo daga teburin karin kumallo na otal. Ba a fara lissafa masa aiki sai an rufe ƙofar jirgi, da an buɗe kuma lissafi ya tsaya. Duba tayoyi cikin sanyi, jiran fasinja, zaman awa huɗu a kan benci, duk sadaka ce. Mai tuƙa motar da ke kai su bakin jirgi ya fi shi ɗaukar albashi, kuma yakan gaya masa haka yana dariya.

Shi ya sa bai iya ɗauko iyalinsa zuwa birni ba. Matarsa Corinne tana girki a makarantar ƙauyensu, can yamma, suna zaune a gidan gonar mahaifinsa ita da 'yarsu Maren, mai shekara huɗu.

To sabon matuƙi ba shi da jirgin kansa, jiran kira yake yi. Daga biyar na safe zuwa biyar na yamma waya na hannunka, in ofishin rabon aiki ya kira, awa biyu gare ka ka tsaya a bakin jirgi cikin kayan aiki. Shekarar farko kuma shekarar gwaji ce. Ka makara sau ɗaya, babu mai tsaya maka, sallama kawai.

A satinsa na biyu na shigo kicin na same shi gaban taswirar da ke bango, da jan zare da allura. Sau uku ya bi hanyar gida da agogo a hannu. Daga awa biyun nan ya cire rabin awa na ajiye mota da layin bincike, ya rage awa ɗaya da rabi na tuƙi. Inda lissafi ya ƙare ya soka allurar: wani gidan mai ne a bakin tafki, gaba da garin Litchfield kaɗan. Daga nan zuwa ƙofar gidansu saura minti talatin da biyar.

Cleon Batiste, mai kwana a saman gadonsa, ɗan Louisiana wanda ko a bazara da bargo yake yawo, ya leƙo yana juya tukunyar shinkafa da wake.

"Manomi, me kake aunawa? Gonar da za ka saya da albashinka?"

"Iyakata nake nema," in ji Leland.

"Ai ni na san iyakarka, Ƙato. Ayaba biyu ce da rabin burodi. Gwaggo, dubi yadda suka ɗaure shi da zare kamar fara a hannun yara."

"Kai kuma da sarƙa," na ce masa. "Rage wutar nan kafin ka ƙona mini tukunya."

Daga ranar, duk Lahadin da yake jiran kira sai ya rataye rigar aikinsa a bayan mota ya tafi gidan man nan. Corinne ta taho daga ɗaya ɓangaren da Maren da kwanon dankali da nama na tanda naɗe cikin tawul. Akwai tebur ɗaya a ciki kusa da injin kofi, wani kuma a waje bakin ruwa. Nan suke zama, waya a tsakiyar tebur. Wani lokaci su samu awa huɗu, wani lokaci kafin a buɗe kwano ta yi ƙara. Mai gidan man har ya daina tambayarsu me za su saya.

Za ka ce ina ranakun hutunsa? Yana da su, amma sayar da su yake yi. Duk jirgin da ya rasa mataimaki shi ne zai ɗaga hannu, don ƙarin ɗan abin da zai aika gida, kuma don tara awoyin da za su kai shi kujerar kyaftin wata rana. Da sanyi ya kama kuma kamfani ya rasa mutane, ko bai ɗaga hannu ba sukan riƙe shi. Daga Kirsimeti har ƙarshen Maris bai taka gidansu ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, jirgin da ke zuwa Dakota ta saman ƙauyensu yake bi. Ya ce mini in gari ya yi haske yana gane jan rufin rumbun babansa. "Daƙiƙa ashirin nake gida, Gwaggo," haka yake faɗa, yana murmushin da ba na so.

Ranar da nake son ba ka labari Lahadi ce, saura kwana goma sha ɗaya ya gama shekarar gwaji. Abin da ya faru a gidan mai daga bakin Corinne na ji shi daga baya. Maren ta zo da zanen da ta yi a makaranta. Malama ta ce kowa ya zana gidansu da mutanen ciki. Ga gida, ga Mama, ga Kaka, ga kare. Can gefen takarda kuma ga wani ɗan akwati da famfon mai, da dogon mutum a tsaye.

"Wannan waye, 'yar Baba?"

"Kai ne, a gidanka. Na gaya wa Malama babana a gidan mai yake zaune."

Corinne ta yi dariya don ta kashe maganar, ta ce, "Ci abincinki, sarkin surutu." Amma yarinyar ta dube shi sosai, irin kallon tausayin nan na yara.

"Baba, ko ka manta hanyar gidanmu ne? Ni na sani. Zan nuna maka, ba wuya. Akwai sabon maraƙi ma."

Corinne ta ce ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ɗauke ta ya ce, "Ɗauko kujerarki ta mota, a motata za ki zauna."

"Leland," in ji Corinne, "kwana goma sha ɗaya fa."

"Na sani."

"In suka kira?"

"Ki biyo mu a baya."

Ni a lokacin ina kicin, Cleon na goge rigarsa yana waƙa. Sati guda ya ishe mu da zancen miyar jatan landen uwarsa. Jiransa zai ƙare ƙarfe biyar, ya samu kujerar da babu kowa a jirgin shida da rabi, hutun kwana biyu a gida, na farko tun watan Janairu. Sai wayarsa ta yi ƙara, Leland ne, ya kunna lasifika ya sa ta a kan tebur don hannunsa na kan dutsen guga, shi ya sa na ji komai.

"Cleon, na ƙetare zaren."

"Ka ƙetare me? Manomi, ka sha wani abu ne?"

"Dubo mini jerin masu jiran kira na yau. Waye na farko?"

Cleon ya duba, ya yi tsaki mai tsawo. "Kai ne na farko, shashasha. Ni na biyu. Ga kuma dusar ƙanƙara na sauka a garin Fargo, yau sai sun nemi mutum. Juyo!"

Sai muka ji ƙaramar murya daga can: "Baba, in ka ga cocin nan fari, sai ka yi dama."

Cleon ya ajiye dutsen guga. Ya kashe wayar, ya zagi kamfani, ya zagi sanyi, ya zagi wanda ya fara ƙera jirgi. Akwai wata hanya a aikinsu: mai jiran kira na iya gaya wa ofis cewa a fara da shi. Masu neman ƙarin awoyi ke yin haka, ba mai shirin tafiya gida ba. Ya latsa lamba, ya gyara murya kamar mutumin kirki.

"Ranki ya daɗe, Batiste ne. A mayar da ni na farko yau. E, na tabbata. Son aiki ne kawai ya kama ni."

Na ce, "Miyar uwarka fa?"

"Gwaggo, kar ki tuna mini, zan yi kuka a kan rigar nan in sake guga."

Ba a yi minti arba'in ba suka kira shi. Jirgin Fargo ne, a kwana can, a dawo gobe da la'asar. Hutun kwana biyu ya koma guntun da ba zai kai shi Louisiana ya dawo ba. Ya ja akwatinsa, a bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ki gaya wa Manomi yanzu shi ne kuma a gaba. Ba ni da wani Cleon ɗin da zan ba shi."

Na kira Leland na gaya masa. Lokacin ya iso gida. Maren ta ja shi da hannu ta nuna masa ɗakinta, da inda kare ke kwana, da maraƙin, tana yi masa bayani kamar baƙo: "Nan ne muke cin abinci. Nan ne wurin takalma." Mahaifinsa ya fito daga rumbu ya riƙe kafaɗarsa. Corinne ta sake ɗumama kwanon, ta jera faranti huɗu, ta jawo masa kujerarsa ta da, wadda suke ɗora jaridu a kai.

Bai zauna ba. Ko rigar sanyi bai cire ba. Ya ce mini ya san in ya zauna a kujerar nan ba zai iya tashi ba. Ya ci cokali uku a tsaye, waya a hannun hagu, ya ɗaga Maren sama ya sauke, ya fita. Duka duka minti ashirin da biyar. Bai numfasa da kyau ba sai da ya hango famfunan gidan mai. Nan ya ajiye mota, ya zauna shi kaɗai a teburin bakin tafki, yana kallon ƙanƙarar saman ruwan da ta fara tsagewa, har biyar ta buga.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Ko sau ɗaya.

Ya gama shekararsa lafiya. Maren ta ƙara dogon mutum a cikin zanen gidan, amma ba ta goge na gidan mai ba, ta ce ai duka biyun shi ne. Zanen yana nan a jikin firjina, ka gani, kusa da taswirar da har yau allurar ke ciki. Cleon kuwa wata biyu yana karɓar ayabar Leland a matsayin diyya, yana cewa bai kai ko ƙamshin miya ba.

Shekaru sun wuce, Leland ya zama kyaftin, yana kwana a gidansa. Amma duk lokacin da ya biyo ya sha kofi a kujerar da kake kai, zancen ɗaya ne: farantin nan na huɗu, da awa uku da rabi da ya yi yana kallon tafki, alhali suna can minti talatin da biyar daga gare shi. Nakan ce masa ai ba ka san wayar ba za ta yi ƙara ba. Yakan ce ya sani, amma dai.

To kai fa, da kai ne a tsaye a kicin ɗin gidan gonar, waya a hannu, matarka ta jawo maka kujera, za ka zauna?