Atamfar Zaɓe a Ƙofar Ɗan Majalisa

Tarihin mutanen da muka tura majalisa, a akwatin mahaifiyata na koye shi. Kowane zaɓe da atamfarsa, mai ɗauke da fuskar ɗan takara. Ta can ƙasa ta kakata ce, tun majalisa tana Legas. Fuskar mutumin ta koɗe, hularsa kaɗai ta rage. Shekarun soja ba su bar mana zane ba. Ina yarinya nakan shimfiɗa su a kan gado a gidanmu na Dilimi, in yi ta tunanin mutanen nan suna zaune a wani babban zaure suna ambaton layinmu.

Bayan wani rikici da aka yi a garinmu, masu kaki suka kwashe samarin unguwarmu, har da yayana, tela ne a unguwar Kwararafa. Mun zaga ofis-ofis, kowa ya ce ba ya wurinsu. Wasu suka ce an wuce da su Abuja. Inna ta daina cin abinci.

Da muka ji ɗan majalisarmu ya zo gida hutu, sai ta ɗauko atamfar da ke da fuskarsa, ta goge, ta ɗaura.

"In ya ga kansa a jikina, zai san tasa ce ni," in ji ta.

A bakin ƙofa maigadi ya dubi zanen, ya yi dariya.

"Hajiya, ba ki da labari ne? Oga ya bar wannan jam'iyya tuni. Kika shiga da tambarin nan, ni za a kora."

"Ɗan nan, fuskarsa ce fa."

"Fuskar kam tasa ce. Tambarin ne ba nasa ba."

Inna, wadda ko idon sawunta ba ta bari a gani a waje, ta ce in kare ta da mayafina. Nan jikin katanga ta kwance zanen, ta juya shi baibai. Ba ta gama ɗaurawa ba aka buɗe ƙofa. Baƙar motar ɗan majalisar ta fito, gilashi a rufe. Inna ta bi ta da gudu, riƙe da bakin zane, tana kiran sunan yayana har muryarta ta dishe.

Ta dawo tana haki, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Sai wani hutun kuma," in ji maigadi. Yanzu ba ya dariya.

"Yaushe ne wani hutun?" in ji Inna.

Ya ce wallahi shi ma bai sani ba.