Kwarin da Yaya Ya Zana

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana zanen taswira a ofishin safiyo. Ko gidan biki zai kwatanta maka, sai ya zaro biro ya ja layi, ya sa kibiya mai nuna arewa. Da ya yi ritaya, ofishin ya bar masa wata tsohuwar kwamfuta, wadda in fankarta ta tashi sai ka ce keken ɗinki. Babbar manhajarta, wato mai tafiyar da komai na cikin na'urar, ta riga ta tsufa, sai wani abokin aiki ya sa masa wata ta kyauta da mutane ƙalilan ke amfani da ita. Yaya ya riƙe ta hannu bibbiyu. Ya ce ita kaɗai ce ba ta raina tsohon ƙarfe.

A kanta ya gamu da wasan. Na dabarun yaƙi ne: a ba ka ƙauye da manoma biyar, ka yi noma, ka yi gini, ka tara runduna, ka tsare mashigi. Wasu samari uku suka ƙirƙira shi, a lokacin ko ofis ba su da shi. Yaƙin bai dami Yaya ba, ƙasar ce ta tsaya masa a rai. Ya ga kogi yana hawa tudu, ya ce wannan ƙarya ce. Ya rubuta musu imel mai tsawo, har da zane.

Kwana biyu sai ga amsa daga babbansu: "Baba, gaskiyarka. Ko za ka gyara mana?"

Shi ke nan, an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Shekara tara yana zana musu filayen daga a teburin falo, da tabarau a kan hanci. Duk gyaran da suka yi wa wasan, shi ke fara gwadawa a irin manhajarsa, ya rubuta musu inda ya cije. Matarsa takan ajiye masa shayi ta ce, "Malam, da ana biyanka ka zana ƙasar da ke akwai. Yanzu kana zana wadda babu, kuma a kyauta."

"Yaran kirki ne," in ji shi.

Abokin karawarsa shi ne Direba, wanda ya ja motar ofishinsu shekara ashirin. Duk Asabar da rana sai su haɗu ta intanet, kowa daga gidansa, waya a kunne, suna yi wa juna ba'a kamar ba jikoki gare su ba.

Da samarin suka fara kashi na biyu na wasan, sun riga sun yi ofis da ma'aikata. Yaya ya tambayi babban nasu ko sabon zai buɗe a kwamfutarsa. Na ga amsar da idona, don ya buga ta a takarda: "Baba, kai ma ka san ba za mu bar ka a baya ba." Wata bakwai ya yi yana zana musu wani kwari mai koguna uku da fadama a tsakiya. Har ciwon wuya ya kama shi, ni na riƙa zuwa ina gasa masa.

Ranar da wasan ya fito, an yi rangwame na mako guda, rabin farashi. Ina gidan. Hoton tallar ma kwarin Yaya ne, ya kira mu duka muka gani. Ya sayi biyu, ɗaya nasa, ɗaya ya aika wa Direba kyauta. Ya gyara zama, ya danna. Wani ɗan akwati ya fito a allo, ya ce wannan wasa ba ya aiki a wannan manhaja. Ya sake dannawa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Daga baya ya koma shafin tallar, can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, ya ga sunayen manhajojin da wasan ke karɓa. Babu tasa.

Ya rubuta musu. Wata ma'aikaciya da bai sani ba ta amsa, ta kira shi "abokin ciniki mai daraja", ta ce masu irin manhajarsa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ya rubuta wa babban nasu kai tsaye, sau uku. Shiru.

Ranar Asabar ya kira Direba, ya sa wayar a lasifika don hannunsa na kan linzamin kwamfuta.

"Ka ga abin da yaran nan suka yi?"

Direba ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ai na ɗauka sun gaya maka."

"Sun gaya mini me?"

"Tun wata huɗu suka aiko mini sabon wasan na gwaji. Suka ce in yi shiru har ka gama zanen, su za su yi maka bayani da kansu. Ɗana ya sayo mini sabuwar kwamfuta."

"Wato duk Asabar ɗin nan da muke wasa, ka sani."

"Wallahi nauyin faɗa nake ji."

"To, madalla," in ji Yaya. "A gai da iyali." Ya kashe wayar, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Bayan wata biyu suka rufe hanyar da ake haɗuwa a tsohon wasan, don kowa ya koma sabon. 'Yarsa ta ce za ta saya masa sabuwar na'ura. Ni ma na ce ya bari a canza masa manhajar, ba abin wuya ba ne. Ya ce, "Ƙanwata, da sun ce mini ba za su iya ba, da na zana musu duk da haka. Jira suka yi in gama."

Direba ya zo har gida sau biyu. Yaya ya karɓe shi, aka ba shi ruwa, aka yi hirar hawan jini da tsadar magani. Ba wanda ya ambaci wasa. Yanzu teburin falon ya koma wurin guga.

Kwanan baya ya zo duba ni, na yi targaɗe. Ya karɓi wayata, ya nemo bidiyon wani baƙo yana buga sabon wasan, a cikin kwarin. Ya yi kusan minti ashirin yana kallo. Da mutumin ya juya mahayansa wajen tsakiya, sai na ji Yaya ya ce a hankali, "Kar ka bi ta nan, fadama ce." Mutumin ya bi, dawakinsa suka maƙale, aka gama da su. Yaya ya miƙo mini wayar, ya ce in ɗaga ƙafar a kan matashi, kumburin bai sauka ba.