Mai Waƙa a Hawan Sama

Disambar farko ta korona ta same mu a ƙasar waje, a unguwar Bukit Jalil. Maigida yana ɗaki yana fama da rubutun digirinsa, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In share falo, in leƙa baranda, in dawo in buɗe firij ba don ina son komai ba. Ruwan la'asar ya zuba ya ɗauke, gumi bai tsaya ba. Kantin da ke ƙasanmu kuma ya saki waƙoƙin Kirsimeti masu zancen ƙanƙara, 'yata tana bi da Turanci, ita da ba ta taɓa sa rigar sanyi ba.

Wata safiya ina shanya sai na ji muryar mace daga sama tana waƙar coci da Hausa, irin wadda nake ji ta katanga ina yarinya a Kaduna. Na ɗaga kai, ban ga kowa ba.

"Da Hausa fa take yi!" na ce wa maigida.

"To sai me? Ki zauna, ba lokacin shiga gidajen mutane ba ne."

Zama ya gagara. Katin lif ɗinmu hawanmu kaɗai yake kaiwa, don haka na sa takunkumi na riƙa bin matakala, ina kasa kunne a ƙofofi, ina haki. Kullum in dawo a jiƙe, ban same ta ba. Sai ana gobe Kirsimeti na ji muryar a bayan wata ƙofa. Na ƙwanƙwasa.

"Sannu da gida, baiwar Allah."

Ta buɗe, ƙarfen ƙofa a tsakaninmu, ta dafe ƙirji. "Yaya, daga ina?"

Ɗaliba ce 'yar Kafanchan. An soke jirginta, cocinsu na unguwar Brickfields a rufe, abokan zamanta duk sun tafi. "Ko shinkafa ban da niyyar ɗorawa," in ji ta.

Washegari na dafa shinkafa da miyar kaza, na zuba a kwano na rataya mata a ƙarfen. Ta zauna a ƙasa daga ciki tana ci, ni da 'yata muna kan matakala. Da ta ƙoshi ta goge hannu ta fara waƙa, 'yata na tafa mata. Ba ta kai ƙarshe ba mai gadi ya hauro, ya tuna mana dokar korona, ya nuna mana hanyar sauka.

"Yaya, kwanonki!" ta kira.

"Ajiye, gobe zan zo ɗauka."