Askar Kakanmu

Ni ne na yi laifin, ba ƙanena ba. Gara in faɗi wannan tun farko, don duk wanda ya tashi a gidanmu na Matameye ya san labarin a juye, kuma ni ne na bar shi a juye.

Har yanzu in an gama girbi, na bi ta bayan gari na ji ƙamshin karan dawa yana bushewa a rana, sai gwangwanin kakanmu ya faɗo mini a rai. Baduku ne shi. Lokacin da muka yi wayo idonsa ya riga ya yi rauni, ya daina ɗinkin jaka da kube, kayan aikinsa suna cikin wani tsohon gwangwanin madara: basilla, zare, guntayen fata, da wata aska mai mariƙin ƙaho da ya gada daga mahaifinsa. In rani ya shiga, iyayenmu maza sun tafi Kano da Legas neman abin kai wa baka, gida sai mata da tsofaffi da mu yara, a lokacin yake buɗe gwangwanin. Kara ga shi nan birjik, ƙaya ma haka. Askar ce guda, saboda haka bi da bi ake karɓarta, kowa da ranarsa.

Yana da wata al'ada da ban gani wurin kowa ba. In ka gama abin wasanka, ba ya dubawa. Cewa yake idonsa ba ya gani, kuma ko yana gani ba shi zai yi wasan ba. Sai ya sa ka ajiye abin a ƙofar gida, ka dawo ka zauna kusa da shi a bayan zana, ku jira yaran unguwa.

"In ka buɗe baki ka faɗa musu yadda ake yi, kai ɗan banza ne," in ji shi. "Abin da sai mai shi ya tsaya yana bayani, a kai wa kakarku ta hura wuta."

Ni kamyo nake yi, irin manyan motocin da ke wucewa da lodin wake zuwa iyaka. Tayoyi na tsohon silifa, ƙofa tana buɗewa, har da tsani a baya. Kowa ya gani sai ya yaba. Yara su zo su kewaye shi, su ja shi zuwa bakin masallaci su dawo, sai su ajiye su kama gabansu.

Abin da ƙanena ya yi ba shi da suna, ba shi da kyan gani. Ya tsaga kara ya yi kwararo-kwararo, ya jingina su a jikin turmi suka gangaro ƙasa, suka rarrabu zuwa wasu ramuka da ya tona a yashi. A kan hanya ya soke ƙayoyi da ake iya cirewa a mayar wani wuri. Sai ka saki ƙwallon aduwa daga sama ka ga inda zai faɗa. Yaran suka tsuguna a kai. Kafin wani lokaci sun yi doka cewa ramin hagu na cin ƙwallonka. Wata yarinya ta matsar da ƙaya, aka yi ca a kanta, daga baya aka yarda kowa yana da matsarwa ɗaya. Har aka kira magariba suna nan, sai da iyayensu mata suka zo suna jan kunne.

Kakanmu da kunne ya auna mu. Ya ce, "Na kamyo an yi shiru. Na wannan mahaukacin an yi faɗa. A bar masa askar gobe ma."

Goben nan ranata ce.

Da hantsi aka aiki ƙanena ya ba jaki ruwa. Ya ajiye askar a gindin rumbu ya tafi. Na ɗauke ta, na bi ta lungu, na jefa a tsohuwar rijiyar da aka daina ja. Ban ma ji ƙarar faɗawarta ba. Da na dawo na same shi yana tona yashi da hannu biyu, yana neman askar. Na tsaya a kansa na ce, "Ba a aljihu ka sa ba? Ai aljihunka a huje yake." Ya zura hannu, yatsansa ya fito ta ƙasa. Ya dube ni, ya yarda.

Kakanmu bai dake shi ba, bai yi faɗa ba. Ya rufe gwangwanin, ya sa aka ɗora a saman azara, bai sake saukowa ba har ya rasu. Yaran gida duka suka rasa kayan aiki, suka huce a kan ƙanena, suka laƙaba masa mai hujajjen aljihu. Ni kuwa ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Na ci tuwo ranar kamar kullum. Kada ka ɗauka na yi ta kwana da abin a rai. Na girma, na bi cin rani, na yi aure, abin yana can a ajiye ba ya motsi.

Ƙanena bai sake tsaga kara ba. Yau yana sayar da albasa a kasuwa. Makullin rumfarsa a wurin maƙwabcinsa yake kwana, wayarsa a hannun matarsa. Mutane suna ɗauka sauƙin kai ne.

Babbar 'yarsa tana lakwal, makarantar boko, kuma akwai wani mushe, wato malami, da ke koya musu ƙirƙirar wasa a kwamfuta, su zuba a waya. Ranar wata Juma'a bayan la'asar na je gidansu, ta nuna mini nata: akuya ce ta kutsa kasuwa, kana kauce wa masu sanda. Na tambaye ta yaya mushen yake gane na wa ya fi.

"Baffa, shi ba ruwansa da kyan zane," in ji ta. "Tambayarmu yake ko kayan aikin sun bar mu mun gwada abin da muke so, ko mun manta da yunwa muna yi. Daga nan ya miƙa wa 'yan ƙaramin aji ya koma gefe. Kuma ka ga nan, in ka ɓata sai ka danna, ya koma yadda yake. Ba abin da ke lalacewa."

Na dubi wurin da take nunawa. A zamaninmu in ka tsaga kara ba daidai ba, ya tafi ke nan. Su nasu damuwar caji ce da kuɗin haɗi da intanet, amma kowa da kayan aikinsa a hannu, ba mai jiran ranarsa.

Ubanta yana zaune a tabarma, ya miƙo wuya yana kallo. Ya ce, "Da kin sa shingen nan ya riƙa matsawa, da mai wasa ya zaɓi hanya da kansa."

Ta yi tsalle. "Baba, karɓi ka gwada! Nan ake jawo shi."

Ya mayar da hannuwansa baya. "A'a, riƙe kayanki. Ni mai ɓatar da kaya ne tun ina yaro. Tambayi Baffanki, shi shaida ne."

Yana dariya ya faɗa, ba da wata manufa ba. Furfura ta fara fito masa a gemu. Na ce wa yarinyar ta shiga ciki ta kawo mana ruwa. Da ta tafi na sauka daga kujera na zauna a ƙasa gabansa. Hawaye bai zo ba, kamar wani ne ke magana da bakina.

"Ba ka ɓatar da askar Kaka ba. A gindin rumbu ka ajiye ta, inda ya dace. Ni na ɗauka na jefa a rijiya, don an ba ka ranata, kuma don naka ya fi nawa. Na bar ka da sunan da ba naka ba har muka tsufa. Ban kyauta maka ba. Don Allah ka yafe mini."