Tome Direba da Kanyar Ƙarshe

Konno Tomeji, wanda kowa a ƙauyenmu na Shirakubo ke kira Tome, shi ne auta a gidan wani mai ƙona gawayi da ke gindin dutse. Tun yana saurayi ya kama tuƙin bas ɗin da ke haɗa mu da birni, kuma bai sauka daga kujerar ba sai da kamfanin ya janye motar saboda ƙarancin fasinja. A motarsa na yi ta zuwa makarantar da na koyar a ƙasan kwari, saboda haka na san shi sosai. Ban taɓa ganin mutum mai gudun shiru kamarsa ba. Rediyonsa a kunne yake daga tashar farko zuwa ta ƙarshe, mai karanta labarai yana faɗa, shi kuma yana mayar masa da martani kamar maƙwabcin da suke gardama ta kan shinge.

A shekarar da aka janye motar matarsa Harue ta rasu. Ba a daɗe ba muka gan shi wata safiya a ƙofar haikali, inda mu 'yan tsirarun tsofaffi muke taruwa don zaman shiru kafin rana ta fito. Malamin haikalin, wanda muke kira Osho, ya dube shi, ya dubi rediyon da ke rataye a wuyansa. Ya kira shi da "san" ɗin da muke liƙa wa suna don girmamawa.

"Tome-san, ka yi ɓatan hanya ne? Nan ba tasha ba ce."

"Gidan ne, Osho-san. Da na kashe rediyo sai in ji agogon bango yana tauna ni. Na ce bari in zo inda ake yin shirun da mutane, ko ya fi sauƙi."

"Shigo. Amma abokin naka zai jira a waje tare da takalma."

Haka ya zama ɗaya daga cikinmu. Gwiwoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa, sai aka ba shi 'yar kujera. Muna fuskantar bango muna bin numfashi, shi kuma sau da yawa barci yake bi, har Osho ya zo da faffaɗar sandar farkarwa ya sauke masa a kafaɗa. Tome ya ce bai taɓa samun tausa mai kyau haka ba.

Sau ɗaya a wata, bayan mun sha kunun shinkafa, mukan yi zaman waƙa. Kowa ya rubuta 'yar waƙarsa mai layi uku, ba suna, a ba wani ya kwafe ta da nasa hannun don kada a gane rubutu, sannan kowa ya zaɓi wadda ta fi burge shi. Wanda aka karanta tasa, shi ne zai ɗaga murya ya faɗi sunansa. Ina iya shaida cewa Tome bai taɓa karya ƙa'ida ba, domin kowace waƙarsa tana da alamar lokacin shekara, kamar yadda ake bukata. Matsalar ita ce ɓoye suna ba ya ɓoye shi. Ga wata da ya kawo da bazara:

Shinkafa ta hau,
minista ya sunkuya,
kwaɗi na kuka.

Ine, wadda ta girme mu duka kuma harshenta ya fi na kowa kaifi, ta ajiye takardar ta ce, "Wannan ai ba waƙa ba ce. Labaran safe ne aka jefa wa kwaɗo a ciki."

"To Ine-san, kwaɗon ba a duniyar nan yake ba? A gonar shinkafar ma yake kwana."

Ba a taɓa zaɓar tasa ba, bai kuma taɓa fasa kawowa ba.

A kakar da ta wuce itatuwan dutse ba su yi 'ya'ya ba, yunwa ta koro wata dabbar daji da ake kira beyar zuwa cikin gari. Baƙar dabba ce mai nauyin ƙato, kuma ba ta sabo da kowa. Abin da ke jan ta shi ne kanya, domin rabin gidajenmu yanzu kango ne, masu su sun koma birni, kanyarsu tana nuna ja wur ba mai tsinka. Lasifikar ofishin ƙauye ta shiga gargaɗi cewa kada a fita da sassafe ko da almuru. Da aka ga sawunta a matakalar haikali, sai zaman shiru ya watse.

Osho ya haura tamanin, kuma ba shi da magajin da zai riƙe haikalin. 'Yarsa Mihoko, ma'aikaciyar jinya a birni, ta zo ta ga sawun da idonta. A gabanmu ta yi maganar, ba ta ɓoye ba.

"Baba, ni ba zan zauna can ina jiran a kira ni a waya ba. Mutanen ma sun daina zuwa, wa kake buɗe wa ƙofa? Idan aka sake ganin abin nan kusa da kai, kafin ƙanƙara ta sauko za mu tafi."

Dukanmu mun san abin da hakan ke nufi. A wajenmu haikalin da aka rufe da sanyi ba ya sake buɗuwa, domin dusar ƙanƙara takan danne rufin da ba a kwashe ba har ya karye. Haka ya faru a ƙauyen da ke hayinmu. Na dubi Tome, na ga ya kama rediyon wuyansa da hannu biyu.

Washegari, gari bai gama wayewa ba, na ji muryar mai karanta labarai a ƙofar gidana kamar za ta fasa taga. Na leƙa, sai ga Tome da tsohuwar hularsa ta direba da farar safar hannu.

"Malama, mota na jira! Babu taya, amma akwai direba."

Beyar ba ta son hayaniya, idan ta ji mutum tun daga nesa takan kauce. Tome ya shiga bin gidajenmu kowace safiya yana kwasar mu ɗaya bayan ɗaya, shi a gaba, mu a jere a baya, kowa da 'yar ƙararrawa a ƙugu.

"Tasha ta gaba, gidan Ine-san! Masu haƙoran roba su riƙe su da kyau, akwai gargada!"

"Kai dai rage abin nan," in ji Ine tana jan ƙofa. "Za ka kashe mu kafin beyar ta samu rabonta."

Da farko na ga abin banbarakwai, a ce mutum ya nufi wurin shiru kunnensa cike da yaƙi da ambaliya da tsadar mai. Na faɗa wa Osho haka. Ya ce, "Malama, da can ma kina zuwa da su, ba ki dai jin ƙararsu ne. Zauna da su. Ruwan wankin shinkafa ma idan aka bar shi yakan kwanta." Na gwada, kuma gaskiya ne cewa wata safiyar yakan kwanta, wata kuma ba ya kwanciya.

Tome bai tsaya nan ba. Ya nemi iznin masu kangayen ta waya, muka bi itatuwan da doguwar gora mai tsagaggen baki muna karyo kanya. Yini ake yi ana fere su a ɗakin girkin haikali, hannuwanmu suka yi baƙi, muka ɗaura su a igiya muka rataye a rufaffiyar baranda inda ƙamshin ba zai fita ba. Mun yi zaton aiki ya ƙare.

Amma a kowace itaciya mun bar ƙwaya ɗaya a can ƙololuwa. Ba wanda ya ba da umarni, ba kuma wanda ya lura. Haka iyayenmu suka yi, haka muka taso muna yi: ba a tsinke itaciya ƙaƙaf, ana barin ɗaya ta yi gadinta, godiya ce ga itaciyar, kuma rabon mai jin yunwa ne idan sanyi ya shigo. Hannun Tome ne ya riƙe gorar, kuma da kansa yake sauke ta idan saura ɗaya.

Wata safiya muka iso haikali muka tarar da kanyar bayan ɗakin Osho rassanta a kakkarye, ɓawonta a yayyage, ƙwayar ƙololuwa babu. Tsakanin itaciyar da inda Osho ke kwana bai wuce a miƙa hannu ba. Osho da kansa ya kira Mihoko, domin ba ya ɓoye mata komai. Kafin rana ta yi tsaka ta iso.

Muka tsaya a gindin itaciyar. Mihoko ta ɗaga kai, ta juya ta hango kangaye, kowanne da jan ɗigo ɗaya a samansa.

"Wai ku kun tsinke ne, ko kun kafa mata alamar hanya? Daga dutse har ƙofar Baba!"

Tome ya cire hula. "Ni ne, Mihoko-san. Yau ɗin nan zan sauko da su duka."

"Ba dai tawa ba," in ji Ine. "Mijina ne ya dasa ta. Tunda na zo gidan ban taɓa barin ta tsirara ba, kuma ba zan fara da tsufana ba saboda wani direban da ba shi da mota."

Sai Osho ya yi dariya, abin da ya ƙara fusata 'yarsa.

"Ine-san, don wa ake barin ta?"

"Don mai jin yunwa mana."

"To ga shi mai jin yunwa ya zo ya ci, sai muka tsorata. Idan ta dawo, maharba za su kafa mata tarko su harbe ta. Bana tausayin shi ne ta zo ta tarar babu komai, ta koma dutse da ranta."

Ine ta ɗaga kai ta dubi Tome. Can ta ce, "Na yarda. Amma sai ya ba itaciyar haƙuri tukuna. Da baki, ina ji."

Haka aka yi. Tome ya mayar da hularsa, ya tsaya a gaban kanyar Ine, ya rusuna har ƙasa, ya yi magana da muryar da yake sanar da jinkirin mota: "Muna ba ki haƙuri bisa wannan matsala da aka samu. Da zarar hanya ta gyaru za mu koma yadda muka saba." Sannan ya miƙa gora. Da ya ga Ine ba ta yi dariya ba, sai ya yi haka a gaban kowace itaciya har ƙarshen ƙauye, mu kuma muna biye da kwando. Osho ya jera 'ya'yan a gaban mutum-mutumin Buda da ke cikin haikali, ya kunna turare, kashegari aka raba mana.

Mihoko ta ce za ta kwana biyu tana haɗa kayan mahaifinta. Da safe hayaniyarmu ta tashe ta, ta fito ta tarar da mu muna hawan matakala, Ine tana zagin rediyo. Ta zauna tare da mu har aka buga ƙararrawar tashi. Ranar ta dace da zaman waƙa, sai aka ba ta aikin kwafewa. Wadda ta fi samun zaɓi ita ce wannan:

Reshe ba kanya,
hankaka ya zo duba,
ni ma na duba.

Aka karanta, aka jira mai ita ya faɗi sunansa. Shiru. Kowa ya dubi Ine, ta girgiza kai. Sai muka ji minshari daga kusurwa. Ine ta miƙa sandarta ta zungure shi.

"Tashi, malalaci! Sau ɗaya a rayuwarka ka yi abin kirki, kuma kana barci."

Ya zabura ya ce, "Tomeji!" kamar ɗalibin da aka kama, sannan ya tambayi wacce aka karanta.

Da aka watse, Mihoko ta tsayar da shi a wurin takalma. Ina ɗaure nawa, saboda haka na ji komai.

"Tome-san, safiya ba ta dame ni ba yanzu, na ga yadda kuke yi. Dare ne. Idan ya faɗi a banɗaki, wa zai ji? Ba zan bar shi shi kaɗai a wannan gida ba."

Tome ya juya hularsa a hannu. "Ni ma ni kaɗai nake kwana. Akwai ɗakin nan na baya da kuke ajiye tabarmi."

"Za ka iya? Akwai kwasar ƙanƙara, akwai magungunansa, kuma ba ya jin magana."

"Na ɗauki 'yan makaranta shekara da shekaru. Tsoho ɗaya ne zai gagare ni?"

Osho ya leƙo daga ciki. "Da rediyon?"

"Da shi, Osho-san. Amma zan rage."

Mihoko ta dubi mahaifinta, ta dubi Tome, ta sauke numfashi. "Zuwa bazara. Idan ƙanƙara ta narke sai mu sake magana. Kuma kowace yamma a kira ni."

Ta kwance kayan da ta ɗaure, ta koma birni ita kaɗai. Tome ya kwaso shimfiɗarsa da tukunyarsa a baro, ya rufe gidansa. Ba a sake ganin sawu a matakala ba, kuma da ƙanƙara ta sauko maharba suka ce dabbar ta shige kogonta ta kwanta.

Yanzu muna tsakiyar sanyi. Jiya da na je, na tarar da Tome a kan rufi, igiya a ƙugu, yana turo ƙanƙara ƙasa da faffaɗan shebur, Osho kuma a ƙasa cikin bargo yana nuna masa inda ya tsallake.

"Ta hagu, Tome-san! Hagu na ce!"

"Osho-san, a bar direba ya yi tuƙinsa!"

Mihoko ta aiko musu da sabon tsani, ta ce tsohon ya ruɓe.