Haƙoran Nicanora Dzul Biyu

Nicanora Dzul ta shekara ashirin da uku tana yi wa masu nutso jagora a kogunan ƙarƙashin ƙasa na Tulum. Haƙoranta biyu na gaba na roba ne, kuma ta san ranar da ta rasa na asalin: Talata, sha huɗu ga Maris, ƙarfe sha ɗaya saura.

Baƙon ranar Evaristo Treviño ne, ɗan kasuwa daga Monterrey. A wuyan tulun iskarsa akwai 'yar na'ura kamar babban yatsa, wadda ke aika wa agogon hannunsa yawan iskar da ta rage, ba tare da waya ba. Da ita ya ciccibo tulun daga bayan mota.

"Maigida, wannan ba mariƙi ba ne," in ji Nicanora. "Za ka tsaga mata gindi."

"Inna, ki ji da ma'aunanki masu allura na zamanin kakanni. Wannan ta fi motarki tsada."

"To, ta fi ta saurin mutuwa ma."

Sun yi mita ɗari huɗu cikin kogo sai gindin na'urar ya fashe. Iska ta yi ta feshi tana dukan rufi, laka ta zubo, fitilu suka zama banza. Agogon Evaristo ya daina nuna komai. Tulunsa na biyu cike yake, amma tsoro ya mantar da shi. Ya afka mata. Ya naushe ta a baki, ya fizge abin shaƙar iskarta da haƙora biyu, ya shaƙe mata wuya. Ta haɗiyi jini da ruwa. Hannunta na hagu bai saki igiyar da ke kaiwa waje ba, don in ta kuɓuce, su biyun sun zama gawa. Ta sa masa gwiwa a ciki sau uku, ta murɗe masa ɗan yatsa har ya karye, ta lalubo abin shaƙarta na biyu, ta rufe tulun da ke zuba. Minti talatin da ɗaya ta ja shi da gashi.

Da suka fito ya ce, "Inna, ki yafe..."

Ta tofar da jini a ƙafarsa. "Ɗauki tulunka. Ta wuya, ɗan banza."

Har yau tana nutso. Duk wanda ya kai hannu kan irin na'urar nan, sai ta zare haƙoran ta ajiye masa a tafin hannu.